Busasshiyar Allura da Hanyar Nnewi

Titin Bauchi, Jos.
Farkon damina.

Zuwa ga aminina Onyebuchi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka da sauƙin jiki, kai da uwargida Nkoli da ɗanka Uchenna da sauran mutanen gida. Yaya hannun? Yaya harshen? Mu nan muna lafiya, sai ruwa da ya sako mu gaba da sanyinsa.

Buchi, akwai wata magana da na taɓa ji shekarun baya, daga bakin wani direban tashar Titin Bauchi da ya kawo mini wando in rage masa ƙugu. Wai can wajen Tina Junction akwai masu yi wa mutum allura babu ko ɗigon magani a cikinta, a soka, a zare, ciwon baya ya tafi. Busasshiyar allura, haka ya kira ta. Na dube shi na ce, ni tun ina saurayi nake soka allura babu magani a jikin yadi, ban taɓa jin shadda ta ce ta samu sauƙi ba. Aka yi dariya, ya karɓi wandonsa ya wuce. Daga baya na sake jin maganar wurin mai shayi, na ji ta a wurin wani suna, ni dai ban ɗauke ta a bakin komai ba. Ka san garin nan namu, ko ruwan tsohon ramin kuza sai ka samu wanda zai rantse maka yana maganin basir.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da ya mayar da ni ga biro da takarda a wannan zamani. Ranar da Uchenna ya kara maka waya a kunne, ina ta zuba, kai kana ta ƙoƙari harshe ya ƙi, daga ƙarshe na ji kana kuka. Ban so mu sake yin haka ba. Shanyewar ɓarin jikin nan ta taɓa harshe da hannu, amma an ce idonka garau yake, Hausa kuwa aji ɗaya muka koye ta, har ka fi ni kyan rubutu. Anene mai motar Nnewi ya ce in dai takarda ce zai riƙa kawo maka har gida.

Na yi maka alkawari zan zo in gan ka da idona. Ban manta ba, kuma ban fasa ba. Abin da ya riƙe ni ƙugu ne. Wani ciwo ne ya kafa sansani a ɓarin dama, can cikin nama, in na zauna jim kaɗan sai ya gangaro ta bayan cinya kamar ana jan waya mai zafi. Huɗubar Juma'a ma ba na iya zamanta, sai in jingina da ginshiƙi kamar mai gadin takalma. Mahdi ya ce ba zai sa ubansa a motar da za ta wuni tana tafiya ba alhali ko zaman cin tuwo yana gagarar sa. Ya ce ranar da na iya zama daga nan zuwa Akwanga mu dawo ban ce a tsaya ba, shi da kansa zai kai ni wurin Anene. Na yi masa faɗa irin na uba, amma a zuciyata na san gaskiya ya faɗa.

To, ran nan 'yarka Amara ta zo gaishe mu, kamar yadda ta saba. Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ita kaɗai ta rage mana daga gidanka, kuma ba ta taɓa barin wata ya wuce ba ta leƙo ba, duk da tun bayan rikicin garin nan mutanen wancan gefen ba su cika son shigowa namu gefen ba. Ta gan ni ina tashi daga tabarma, hannu ɗaya a bango, ɗaya a kafaɗar matata Hasiya. Ta ce, Baba, tun yaushe kake haka ba ka faɗa ba? Na ce tun tana goye. Ta sa ni na kwanta, ta danna babban yatsanta a wani wuri a ƙuguna, wallahi Buchi sai da na kira sunan mahaifiyata, ita da ta rasu tun muna Gada Biyu. Ta ce ba ƙashi ba ne, nama ne ya ƙulle, shekarun da na yi ina taka keken ɗinki da ƙafa ɗaya ne suka taru wuri guda. Na ce to laifin ubanki ne, shi ya riƙa gyara mini keken nan, da ya bar shi ya mutu da tuni na huta.

Sai ta ce a wurin gashin ƙashin da take aiki, nan Tina Junction, suna yin wata allura. Na ce kar dai busasshiya? Ta ce ita. Ashe maganar da nake yi wa dariya shekara da shekaru, 'yar da na yi wa ɗinkin rigar makaranta ce ke cin abinci da ita.

Ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce wasu tana yi musu aiki, wasu ba ta yi, kuma ko ta yi sai an haɗa da motsa jikin da za ta koya mini. Ta tambaye ni sugana, ta tambayi ko ina shan maganin tsinka jini, ta karanta kwalayen magungunana ɗaya bayan ɗaya tana ɓata fuska irin taka. Na amsa zan je ranar Alhamis. Ba don na yarda ba, don dai hanyar Nnewi ta nan ta bi.

Ka riƙe kanka da kyau, ka ci abin da Nkoli ta ba ka ko ba daɗi. In na taso zan taho maka da buhun dankalin turawa da acca, na san can ba ka samun na kirki. Hasiya tana gaishe ku. Mahdi ma haka.

Naka har kullum,
Labaran tela.

Titin Bauchi, Jos.
Ruwa ya zauna.

Zuwa ga Buchi, ɗan Jos da ke zaman baƙunci a garin kakanninsa,

Ina gaishe ka da jiki, ina gaishe da Nkoli da ɗawainiya. Allah ya sa kwanan nan ka fi jin ƙarfi. Anene ya kawo mini amsarka. Na ga da hagu ka rubuta, haruffan suna tangaɗi kamar sun fito daga gidan burkutu, amma na karanta sarai: Malam Zare, matsoraci. Kalma uku ka iya, kuma duka ka kashe su a zagina. Na ji daɗi ƙwarai. Na sa takardar a aljihun gaba.

To, matsoracin ya je. Chollom mai Keke Napep ne ya kai ni, wanda ubansa ke sayar da katako bayan shagunanmu a da, in ka tuna. Duk ramin da ya faɗa sai ya waiwayo ya ce sori Baba, har na ce ya bar ba ni haƙuri ya dubi gabansa.

Wurin ɗaki ne mai tsabta, da gadaje masu tsawo da labule tsakani. Abin da ban yi tunani ba tun daga gida shi ne inda ciwon yake. Sai da Amara ta ce in sassauta mazagi sannan na farga. Na ce a'a, yarinya, ni na yi miki kiran salla a kunne ubanki yana yi mini tsiya, ba za ki ga wannan wurin ba sai dai in mutu da ciwona. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira abokin aikinta, wani dogo mai suna Bot, ita ta koma bayan labule tana ba da umarni kamar mai tsaron raga.

Bot ya nuna mini allurar tun tana cikin ledarta a rufe, ya ce kowa da tasa, in an gama a jefar. Buchi, ba irin ta asibiti ba ce. Siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, ko zaren aiki ba za ta ɗauka ba, ba ta da ma kafar da za a zura shi. Ya sa safar hannu, ya goge wurin da abu mai sanyi, ya lalubo ƙullin da yatsa, ya ce in ja numfashi. Shigarta ban ji ba, cizon sauro ya fi ta. Ina shirin cewa ashe wasan yara ne, sai naman ya zabura da kansa, ɗif, kamar kifin da aka jefa a kan tudu. Ƙafata ta harba, saura kaɗan in cire wa Bot haƙori. Wani nauyi ya biyo baya, irin na ɗaurewar jijiya, ba zafin yanka ba, abu ne can ciki mai sa gumi. Na ce Innalillahi. Amara daga bayan labule ta ce yawwa, Baba, abin da ake nema ke nan, ƙullin ne ya amsa. Na ce in haka yake amsawa, a daina kiran sa.

Ya yi haka a wurare kaɗan, bai daɗe ba ya zare. Jini ko ɗigo ban gani ba. Na tashi ina jiran in ji na koma saurayi, sai na ji kamar jaki ya yi mini harbi. Amara ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce wurin zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, kamar na wanda ya wuni yana noma. Ta ce wani lokaci jini kan ɗan kwanta a ƙarƙashin fata, ya yi duhu, shi ma da kansa yake bajewa. In sha ruwa, in ɗan taka a tsakar gida, in ɗora tsumma mai ɗumi in na so, amma kar a murza, kar a yi wa wurin komai. Ta koya mini kwanciya rigingine in jawo gwiwa zuwa ƙirji, safe da yamma. Hasiya ta ce rabon da ta ga namiji a haka tun Mahdi yana jariri.

Tsamin ya zo kamar yadda ta faɗa, ya kuma tafi kamar yadda ta faɗa. Abin da zan gaya maka, kar ka yi mini dariya: Juma'ar makon da ya biyo baya na zauna huɗuba har liman ya kusa rabi, ka kuwa san limaminmu in ya hau mumbari mantawa yake da mutane suna da ƙugu. Ban ce na yarda da allurar ba. Na dai ce na zauna.

Jiya na koma karo na biyu. Wannan ya fi shiga, don Bot ya ce akwai wani ƙulli a ƙarƙashin na farko. Yau da safe wurin ya yi baƙi-baƙi, faɗin tafin hannun yaro. Hasiya ta daɗe tana dubawa, kai kuwa ka san irin kallon Hasiya.

Amara ta ce in abin ya ci gaba haka, kafin masara ta nuna zan iya gwada hanyar Akwanga. Ta faɗa tana kallon ƙasa, sannan ta ce, Baba, ka daure ka yi sauri. Ban tambaye ta dalili ba. Kai ma ka daure. Ka gaishe da Uchenna, ka ce na gode da karatun da yake yi maka in ido ya gaji.

Amininka,
Labaran.

Titin Bauchi, Jos.
Tsakiyar damina.

Zuwa ga Buchi,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan jiki ya yi sauƙi. Ina gaishe da Nkoli, Allah ya saka mata. Ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yin sa ta gefen hagu, takardar tana kan faifai.

Na ga amsar wannan karon da hannun Uchenna aka rubuta ta. Ya ce kana gaishe ni, kana tambaya yaushe. Na juya takardar gaba da baya ina neman ko zagi ɗaya da hannunka, ban samu ba.

Buchi, an yi ɓarna, kuma gara ka ji daga wurina. Baƙin da na gaya maka ya fito a wurin allurar, washegari ya ƙara duhu, gefensa ya yi kore-kore. Hasiya ta ce ita ta gane abin da ya faru: allurar ta yi aikinta, ta taso da mataccen jinin da ya shekara yana damuna, ya hau sama, amma da yake siririya ce ba ta da hanyar fitar da shi. Yaran asibiti sun iya tasowa, in ji ta, ba su iya kwashewa ba. In aka bar shi zai koma inda ya fito. Na ce Amara ta ce kar a taɓa. Ta ce Amara ta ce kar a murza, wa ya ce zai murza? Na kai maganar majalisa bayan la'asar, dattawa suka duba juna suka ce ai wannan ko makaho ya san aikin ƙaho ne.

Ba zan ɗora wa Hasiya ba. Ni ma da na karkata na duba a madubi, abin da na gani ke nan, mataccen jini ya zo bakin ƙofa yana jiran a buɗe masa. Da ƙaho muka tashi, kai ma shaida ne, sau nawa ka riƙe mini riga wanzami yana yi mini ƙaho a bayan shago kana toshe hanci? Kuma na yi lissafin in an kwashe shi zan fi saurin warkewa, in fi saurin zuwa. Gaggawar ce ta ja ni.

Wanzaminmu ya zo da safe da zabirarsa. Ya kafa ƙaho, ya tsattsaga, ya zuƙa, jini ya fito baƙi kirin, kowa ya ce ka gani ko. Ni kaina na ji wani sanyi a rai. Kwana biyu ina yabon kaina.

Daga nan tsagar ta ƙi rufewa. Ka san sugan nan, ƙaramin ƙurji ma sai ya yi mini wata. Wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ni. Mahdi ya ɗauke ni sai asibiti, suka wanke, suka ɗora ni a kan magani, likitan yana tambaya wa ya aike ni.

Amara ta zo gida. Na so ta yi faɗa, da na samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Ta saurari Hasiya har ƙarshe, ta ce, Mama, ba mataccen jini ba ne, ɗan jini ne ya zubo inda allura ta wuce, da an bar shi da yanzu babu shi. Sannan ta ce ba a yin allurar a kan fata mai rauni ko kusa da ita, sai ya warke sarai, mai suga kuwa ba a sa masa rana. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaura ɗankwali, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta ce, Baba, na gaya wa Papa kana hanya. Daga nan ta fita. Hasiya ta shiga ɗaki, ranar ba a ɗora tukunya ba.

Ciwon ƙugun ya dawo da ƙarfinsa, har ya samu abokin zama. Masara ta nuna, ana gasa ta a kowace kwana, ni ko ƙofar gida ban kai ba. Ina jin motoci suna wucewa a titi, yaran mota suna kiran garuruwa, ina ta lissafa waɗanda na sani.

Na yanke shawara ba zan koma Tina Junction ba. Da wane ido zan dubi Bot, da wane ido zan dubi 'yarka? Tsoho da furfurarsa an yi masa bayani da Hausa, ya je ya yi nasa. Wataƙila dama can allurar ba ta irina ba ce. Na ce wa Mahdi ya shirya ya zo a madadina, ya kawo maka dankalin, ka dube shi ka ga fuskata ta da. Na san ba shi ka ce ba. Ka yafe mini.

Allah ya ba ka lafiya, ya ba ni. Hasiya ta ce a gaishe ku, ta ce a ce wa Nkoli ta kasa kiran ta don kunya.

Naka,
Labaran.

Titin Bauchi, Jos.
Ƙarshen damina.

Zuwa ga Nkoli, Maman Uchenna,

Ina yi miki gaisuwa, ina yi miki gaisuwar rashi. Yaya haƙuri? Yaya yaran, yaya baƙin da ke ta zuwa? Allah ya ba ki juriya, ya ba mu duka. Hasiya tana nan kusa da ni, ta ce in rubuta cewa tana gaishe ki, sauran maganar sai ta gan ki. Na san karatun Hausa ba naki ba ne, ke a kasuwa kika koye ta, don haka Uchenna, in kai ke karantawa, ka bi a hankali, kar ka tsallake komai.

Na san kin ji a takardata ta ƙarshe na ce ba zan koma wurin allurar ba. Na koma. Dalilin sai na gama sauran maganar, don in na fara da shi ba zan iya ƙarasa takardar ba.

Raunin ya ɗauki lokacinsa, ya rufe. Ranar da na shiga, Bot bai ce mini ko uffan a kan ƙaho ba, ya dai duba tabon ya ce Baba an yi maka zane mai kyau. Aka ci gaba daga inda aka tsaya. Naman ya zabura, ya yi tsami, ya saki. Jini ya sake kwanciya sau ɗaya, Hasiya ta dube shi, ta ɗauko tsumma mai ɗumi ta ɗora. Cikin kwanaki ya baje da kansa, kamar yadda yarinyar ta faɗa tun farko. Na riƙa jawo gwiwa safe da yamma kamar mai biyan kaffara. Ba zan ce miki ciwon ya tafi duka ba, yana nan, amma ya koma ɗan haya, ba mai gida ba.

Ranar Asabar waccan Mahdi ya sa ni a mota muka gangara Akwanga. Ban ce a tsaya ba. Muka sha ruwa, muka juyo, muka hau dutsen nan muna bin bayan tirela, ni ina ta yi wa Mahdi surutu, ina cewa gobe in ya kai ni wurin Anene ya tabbata an ba ni kujerar gaba. Muna shigowa gari na sa ya tsaya na sayi buhun dankalin. Da muka iso gida na ga takalmin Amara a ƙofar ɗaki, na ji muryar Hasiya tana kuka. Ban shiga ba. Na zauna a kan buhun a tsakar gida, na daɗe a zaune, ƙugun bai ce mini komai ba.

Maman Uchenna, na yi ta lissafin makonnin da ƙahon nan ya ci, na ga sun isa in zo in dawo har in sake zuwa. Na daina lissafin, don ba ya kai ni ko'ina.

Amara ta ce an kai shi ɗakin ajiye gawa na asibiti, sai watan gobe za a yi jana'iza, in dangi sun taru. Kin san shekara nawa na yi ina yi masa tsiya a kan wannan al'ada taku. Nakan ce ku mutum ya mutu ma ba za ku bar shi ya huta ba, sai ya bi layi kamar mai jiran fansho. Shi kuma ya ce mu muna binne mutum tun bai gama yanke shawara ba. Da a namu ne, da kafin in sauka daga kan buhun nan an dawo daga maƙabarta. Yau ga shi abin da nake yi wa dariya shi ya ajiye mini shi. Ya jira ni, ko da ba irin jiran da muka yi alkawari ba.

Saboda haka ina zuwa. Ni da Hasiya da Amara za mu biyo Anene, Mahdi ya yarda. Ban san yadda ake yi a wurinku ba, ki sa Uchenna ya nuna mini inda zan tsaya da inda zan zauna, ba na son in yi wani kuskuren. In ana buɗe fuska, ina so in gani. Dankalin nan zan taho da wani sabo, wancan ya fara tsiro. A dafa wa masu zaman makoki, a ce musu daga garin da aka haife shi ne.

Allah ya sa mu gana lafiya. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ɗan'uwanku,
Labaran tela.

Ga dalilin da na ce zan faɗa. Ina kwance da raunin nan, na rantse ba zan koma ba, sai Amara ta zo da yamma ta zauna a bakin tabarma, ta danna wayarta ta ajiye kusa da kunnena. Saƙon murya ne. Da farko numfashi kawai nake ji, da ƙarar kujera, da muryarki can nesa kina cewa ya bari ya huta. Sannan maganar ta fito, kalma tana jan kalma kamar ana ciro guga daga rijiya mai zurfi. Sai da ta maimaita mini kafin na gane. Cewa ya yi, Malam Zare, allurar nan tana aiki, 'yata ba ta ƙarya, ka koma. Daga nan bai ƙara ba, kuma ban sake jin muryarsa ba.

Maganar busasshiyar allurar nan na ji ta a bakin direba, na ji ta wurin mai shayi, na ji ta a wurin suna, duk na yi dariya. Wanda ya gaya mini ita na ƙarshe, da rabin harshe, mijinki ne, Onyebuchi.